Cunkoson kifi a tafki: ina abincin yake tafiya?

Me ya sa kifin da aka cunkusa ke ci amma ba ya girma?

Ba duk abin da kifi ya ci ke zama tsoka ba. Jiki yana fara ɗaukar rabonsa don numfashi, iyo da narkar da abinci. Abin da ya rage shi ke zama girma. Idan wuri ya matse, jikin kifi yana sakin sinadarin kotisol (wanda jiki ke saki idan ya takura), sukari ya ƙaru a jini, numfashi ya yi sauri, ga ture-ture da cizon juna wurin cin abinci. Duk wannan daga buhun abincin da mai kiwo ya saya ake biyansa.

Matsi ne matsalar, ko ruwan?

Galibi ruwan ne ke fara lalacewa. Kifi da yawa na nufin oksijin kaɗan da tarin amoniya (ƙazantar da kifi ke fitarwa cikin ruwa), wadda dafinta ke ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi. Ruwa mai zafin digiri 20 yana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a lita, a digiri 30 kuwa kusan 7.5. Shi ya sa tafkin da ya zauna lafiya a hunturu kan rikice a Afrilu. A leƙa shi da asuba, lokacin da oksijin ya fi ƙaranci: in karfasa sun taru a saman ruwa suna buɗe baki, an yi musu yawa.

Tarwaɗa fa?

Tana da gaɓar shaƙar iska kai tsaye, don haka ta fi karfasa jure cunkoso nesa ba kusa ba. Har ma in aka sake mata wuri da yawa, faɗan kare muhalli kan ƙaru. Haɗarinta shi ne bambancin girma: manya su danne abinci, su haɗiye ƙanana. A riƙa ware su bisa girmansu duk mako 2 tun suna ƙanana.

Kifi nawa za a zuba?

A tafkin ƙasa marar injin iska, karfasa 2 zuwa 3 a murabba'in mita, kuma maza zalla, don in aka gauraya za su hayayyafa su cika tafkin da tsumburarru. Amma a yi lissafi da nauyi, ba da ƙirga ba. Tarwaɗa 100 masu giram 10 a cikin tanki kilo 1 ne kacal. Ranar da kowace ta kai kilo guda, tankin nan yana ɗauke da kilo 100. Kafin a kai nan, a raba su zuwa wani tanki ko a ƙara yawan canjin ruwa.