Waiwaye: Asalin Saɓanin Ranaku a Kalandar Hindu

A shekarar 2024 mabiya addinin Hindu a Indiya sun rabu kan ranar bikin Diwali, inda wasu suka kunna fitilunsu ranar 31 ga Oktoba, wasu kuma suka jira 1 ga Nuwamba. Wanda ya saba da muhawarar ganin jinjirin wata zai ga kamar ya san zancen, sai dai su ba ganin ido suke jira ba, lissafi ne ya raba su.

Littafin da suke dubawa kullum sunansa panchang, wato mai gaɓoɓi biyar, kuma gaɓar da ta fi tasiri ita ce tithi. Tithi ɗaya shi ne lokacin da tazarar wata da rana take ƙaruwa da digiri 12, kuma da yake tafiyar wata ba ta da sauri iri ɗaya, yakan ɗauki kimanin awa 19 zuwa 26. Ana kiran yini da sunan tithin da hudowar rana ta tarar, shi ya sa wani tithin kan mamaye yini biyu, wani kuma ya wuce ba a ƙirga shi ba. A waccan shekarar, tithin duhun wata, wanda a cikinsa ake bikin Diwali, ya shiga da la'asar ɗin ranar 31, ya fita da yammacin washegari, kowane ɓangare kuma ya riƙe hujjarsa.

Tsarin ya daɗe ƙwarai. Tun ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa (AS) malaman Veda, wato tsofaffin littattafan addinin Hindu, suke lissafin lokutan ibada da masaukan wata, kafin masana irin su Aryabhata, wanda ya yi rubutunsa a shekarar 499, su kyautata lissafin. Al-Biruni ma ya yi wa masu karanta Larabci bayaninsa wajen shekarar 1030. Domin kada bukukuwa su kauce wa damina da kaka, akan ƙara wata guda kusan duk bayan wata 32, abin da kalandar Hijira ba ta yi.

Bayan samun 'yancin kai, gwamnati ta kafa kwamiti a 1952 ƙarƙashin masanin kimiyya Meghnad Saha, wanda ya tarar da kalanda sama da 30 a ƙasar. Daga aikinsa aka samu kalandar ƙasa da ta fara aiki ranar 22 ga Maris, 1957. A ganina gyaran ya tsaya ne a takardun hukuma, domin har yau yawancin arewa suna rufe wata da cikarsa, yawancin kudu kuma da duhunsa.

A gidaje da dama na jihar Tamil Nadu, kalandar da ake yage mata shafi kowace safiya tana rataye a bango, kuma kafin a sa ranar aure ko a buɗe sabon shago sai an duba Rahu kalam, wato kimanin minti 90 na kowane yini da suke gudun fara muhimmin abu a cikinsu.