'Ya'yan Gwaiba da Tumatir Ba Sa Zama Tsakuwa a Ƙoda

An daɗe ana gargaɗin yara kada su haɗiye 'ya'yan gwaiba ko na tumatir, wai za su taru a ƙoda su zama tsakuwa. Wannan magana ba ta da tushe. Duk abin da aka haɗiye ta ciki da hanji yake bi, wanda bai narke ba kuma ya fita a bayan gida. Jini kawai ƙoda take tacewa, ƙwayar gwaiba ba ta da hanyar isa can.

Tsakuwa a cikin fitsari take samuwa. Idan mutum ya yini a rana yana zufa bai sha isasshen ruwa ba, fitsarinsa sai ya yi kauri ya koma ja-ja, sinadaran kalsiyam da okzalet su daskare su dunƙule. Yawan gishiri da yawan nama suna ƙara ta'azzara hakan.

Abin takaicin shi ne tsoron yana raba mutane da abin da ke kare su. Sinadarin sitiret da ke cikin lemu da lemun tsami yana hana tsakuwar haɗuwa. Kayan marmari da ganye kuma suna taimakawa wajen sauke hawan jini, wanda shi da ciwon suga ne kan gaba wajen kashe ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci aƙalla giram 400 na kayan marmari da ganye kullum.

Sai dai wanda ƙodarsa ta riga ta raunana, ya tuntuɓi likita kan ayaba da dabino, saboda fotasiyam ɗinsu na iya taruwa a jini ya taɓa bugun zuciya.