Liƙa Rubutun Sitika

Liƙa rubutun sitika sana'a ce ta manna haruffa, lambobi ko tambari, waɗanda aka yanko daga siririyar leda mai gam a bayanta, a kan abu mai santsi kamar gilashin shago, ƙofar mota, bayan Keke ko allon kwano mai fenti. Ledar nau'in roba ce da ake kira binil ko PVC. A Jos yawanci sitika kawai ake ce mata, in kuma mai faɗi ce da ake buga hoto a kanta, masu aikin kan ce SAV.

Tarihi

Dabarar ɗauko zane daga takarda a mayar da shi jikin wani abu ta girmi leda nesa ba kusa ba. Galibi ana danganta ta ga Simon François Ravenet, wani Bafaranshe mai zane da ya zauna a Ingila, wajen shekarar 1750, kuma da ita aka riƙa yi wa tangaran ado. Ita kuwa robar, Bajamushe Eugen Baumann ya ci karo da ita a 1872, amma ta fito da tauri, ga saurin karyewa, don haka ta daɗe ba a amfana da ita ba. Sai a 1926 Waldo Semon, na kamfanin B.F. Goodrich a Amurka, ya gano yadda za a sa ta yi laushi. A 1935 R. Stanton Avery ya fara yin takarda mai gam a jiki a Los Angeles, wadda ba sai an jiƙa ta ba. Abin da ya haɗa waɗannan wuri guda shi ne injin yanka haruffa na kamfanin Gerber mai suna Signmaker, wanda ya fito a farkon shekarun 1980. An fi ambaton 1982.

Kafin irin wannan inji ya yaɗu a Najeriya, aikin na masu buroshi ne. Mai rubutu zai ja layi da alli, ya dama fentin mai a gwangwani, ya tsara harafi ɗaya bayan ɗaya, sannan ya bi kowanne da inuwa ta wani launi. Hannunsu ne a jikin manyan motocin katako da ke ɗibar dankali da tumatir daga Filato, masu ɗauke da "Haƙuri maganin zaman duniya" ko "Allah gatan kowa". A lokacin ana gane aikin mutum da ganin yadda yake lanƙwasa harafi, abin da inji bai iya gada ba. Da kwamfuta ta wadata, a tsakanin ƙarshen shekarun 1990 da farkon na 2000 bisa kiyasi, da dama cikinsu suka koma ga sitika, kuma idon da suka zo da shi na auna tazara tsakanin haruffa har yau yana bambanta aikinsu da na wanda ya fara daga kwamfuta.

Ire-iren leda

Iri biyu ne manya. Akwai wadda ake zubawa tana ruwa ta daskare, siririya mai tsada, tana bin kwana da kwarin jikin mota, takan kai shekara 7 zuwa 10. Akwai wadda ake murzawa tsakanin ƙarafa, mai kauri da araha, wadda ke tsukewa a rana; ita ta fi yawa a kasuwa.

Yadda ake liƙawa

Bayan inji ya yanka, sai a sa tsinin reza a tsince ledar da ba a so, har da 'yan cikin haruffa irin na a da o. A rufe rubutun da faffaɗan salataf mara ƙarfin gam, wanda zai ɗauko haruffan a jere yadda suke.

Rabin aikin wanki ne. Ana wanke wurin da sabulu, a goge da sifirit, a bar shi ya bushe sarai, domin maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya sa bakin harafi ya ɗago. Sabon fenti kuwa sai an ba shi makonni. Daga nan a auna, a kafe gefen sama da salataf, a ɗaga rubutun, a zare takardar baya sannu a hankali ana murzawa daga tsakiya zuwa gefe da roba mai faɗi, ko tsohon katin banki da aka naɗe da ƙyalle. Faffaɗan salataf ɗin da ke kan haruffan ana kwantar da shi ne a ja baya, ba a fizge shi sama. Iskar da ta maƙale a huda ta da allura a danne. Mai liƙa wa gilashi daga ciki dole ya yanka rubutun a juye.

Wasu kan fesa ruwa mai ɗigon sabulu don su iya gyara zaman babban rubutu, wasu na ganin hakan na jinkirta kamun gam. Duka biyun ana yi.

Yanayin Jos

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma sanyin safiyar Disamba da Janairu kan sa leda ta yi tauri, gam ya ƙi kamawa. Shi ya sa ake jira hantsi ya dubi ludayi, ko a ɗuma ƙarfen da na'urar busar da gashi. Ƙurar hunturu ta fi sanyin ɓarna: ƙwayar rairayi ɗaya a ƙarƙashin harafi takan fito kamar ƙurji, kuma ba ta huduwa. Motar da aka yi wa aiki ana barinta kwana 2 ko 3 kafin wanki.

Cirewa

Ana ɗuma tsohuwar sitika a ɓare ta, a goge ragowar gam da kananzir ko sifirit. Sau da yawa siffar haruffan kan zauna a jikin mota, saboda fentin da ke kewaye ya koɗe a rana, na ƙarƙashin kuwa yana nan da launinsa.