Romeo da Juliet: Wa Za a Ɗora wa Laifi?

Duk shekara tambayoyi iri ɗaya ɗalibai ke turo mini a kan wannan wasan kwaikwayo. Ga amsoshin a wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Wa ya rubuta shi?

William Shakespeare, ɗan Ingila. An fara buga shi a 1597, labarin kuma a birnin Verona na Italiya ya faru. Sunan marubucin yana bangon littafinku.

Me ya haɗa gidan Montague (su Romeo) da gidan Capulet (su Juliet)?

Wasan bai faɗa ba. Tsohuwar gaba ce kawai, har barorin gidajen biyu na zare takobi a titi ba tare da ɗayansu ya ambaci mafarinta ba. Wanda ya ce muku rikicin gona ne ko na mace, shi ya ƙirƙira.

Ai Juliet ce ta ƙi bin maganar iyayenta, ko?

Wannan tambaya tana ɓata mini rai. Yarinyar fa ba ta cika shekara 14 ba. Uban da ya fara ce wa Paris, mai neman aurenta, ya dakata shekara biyu, shi ne ya dawo ya sa ranar aure ba shawara, da ta roƙe shi ya ce ko ta yarda ko ta bar masa gida ta je ta yi bara. Uwarta ta juya mata baya. Uwar goyonta, wadda ta san an riga an ɗaura mata aure da Romeo a ɓoye, ta ce ta auri Paris kawai. Wurin wa kuke so ta kai kuka?

Mutum nawa suka mutu?

Shida: Mercutio (abokin Romeo), Tybalt (ɗan uwan Juliet), Paris, Romeo, Juliet, da mahaifiyar Romeo da baƙin ciki ya kashe.

In aka tambaye ni a jarrabawa wa ke da laifi, sunan wa zan rubuta?

Kwantar da hankalinka, ba suna ake ba wa maki ba, hujja ake dubawa. Amma ya danganta da yadda aka tsara tambayar. In an ce ka zaɓi mutum ɗaya, Fada Laurence ya fi sauƙin kamawa: shi ya ɗaura auren a ɓoye, shi ya ba Juliet maganin da zai sa ta zama kamar gawa na awa 42 don kada a aura mata Paris, kuma da ya ji motsin masu gadi sai ya gudu ya bar ta a kushewa da gawar mijinta. Sai dai kada ka manta niyyarsa sulhu ce, kuma wasiƙar da ya aika wa Romeo a garin Mantua don ya sanar da shi dabarar ta maƙale ne saboda an kulle mai kai ta, Fada John, a gida bisa zargin annoba. Wannan ba hannunsa ba ne.

Tybalt ma ana iya zaɓarsa, tunda shi ya kashe Mercutio. To amma wa ya shayar da shi ƙiyayyar tun yana yaro? Romeo kuwa gaggawa ce ta ci shi. Ya kashe Tybalt cikin fushi aka kore shi daga Verona, da ya ji labarin mutuwar Juliet bai nemi tabbaci ba ya wuce sayen guba. Daga haɗuwarsu zuwa mutuwarsu ko mako ba a yi ba.

Ni dai, in ka bi ta tawa, manya zan kama. Cire gabar ka gani: babu dalilin ɓoye aure, babu faɗan titi, babu kora, babu maganin barci. Yarima Escalus mai mulkin Verona da kansa ya amsa cewa ya yi sako-sako da rikicin, har ya rasa 'yan uwansa biyu, Mercutio da Paris. Wani malamin zai fi son ka ambaci ƙaddara, don gabatarwar wasan ta nuna tun farko cewa taurarinsu ba su dace ba. Ka ambace ta, amma kada ka fake da ita ka wanke kowa. Kuma duk wanda ka zaɓa, ka kawo abin da ya yi da inda ya yi shi a cikin wasan, sannan ka nuna ka san uzurinsa.

Gidajen sun shirya a ƙarshe?

Sun shirya, a gaban gawar 'ya'yansu. Capulet ya miƙa wa Montague hannu, kowannensu ya yi alkawarin gina mutum-mutumin zinariya na ɗan ɗayan.

Zan iya kallon fim ɗin kawai?

A'a. Masu fim suna yanke wurare, wasu har kisan Paris suke cirewa, kai kuma ka je ka rubuta biyar a maimakon shida. Buɗe littafin.