Waiwaye: Yadda hayaƙin farar wuta ya shiga tarihin farin Sahel

Muhawarar dusashe hasken rana da gangan, wato a ɗauki sinadarin farar wuta a jirgin sama a watsa shi can sama da gajimare don duniya ta ɗan huce, ta kai har zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. A taron muhalli na Nairobi a farkon 2024 an gabatar da ƙudurin kafa kwamitin masana a kan batun, aka kai ruwa rana, daga bisani aka janye shi. Ƙasashen Afirka sun tsaya a kan cewa yarjejeniyar hana amfani da dabarar ake buƙata. A gefe guda kuma ga wata gardamar: tun 1 ga Janairun 2020 aka rage farar wutar da ke cikin man jiragen ruwa daga kashi 3.5 cikin 100 zuwa kashi 0.5, kuma masana na ta lissafin ko nawa ne kason wannan tsabtacewa a zafin da aka sha a 2023 da 2024. Duka gardamomin biyu a kan abu ɗaya suke, ɓarɓashin da ke yawo cikin iska, kuma yankin Sahel ya ɗanɗani tasirinsa tun kafin a fara wannan magana.

Farkon labarin sananne ne. Tun 1880 masanin kimiyya John Aitken ya nuna cewa ɗigon gajimare ba ya samuwa sai ya sami ƙwayar ƙura da zai taru a kanta. A Disambar 1930 hayaƙin masana'antu ya kashe kimanin mutum 60 a kwarin Meuse na Beljiyam, a Oktoban 1948 ya kashe 20 a Donora ta Amurka, sannan daga 5 zuwa 9 ga Disambar 1952 ya lulluɓe Landan. Ƙiyasin farko mutum 4,000 ne suka mutu, binciken baya ya kai adadin kusan 12,000. Ingila ta yi dokar tsabtace iska a 1956. Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka bi a Turai da Amurka ita ce ƙara wa bututun hayaƙi tsawo. Birane suka samu sauƙi, hayaƙin kuwa ya hau sama ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci, ya sauko a matsayin ruwan sama mai asid a tafkunan Suwidin da Norwe. Hakan ya kai ga yarjejeniyar Janeba ta 1979 kan gurɓatar iska mai tsallaka iyakokin ƙasashe, da ta Helsinki ta 1985 wadda ta nemi a rage fitar da farar wuta da kashi 30 cikin 100.

Sai an san abin da ke faruwa bayan hayaƙin ya bar bututu kafin a gane sauran labarin. Kwal da baƙin mai na ɗauke da farar wuta, sau da yawa kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na nauyinsu. In an ƙona su sai ta fita a matsayin iskar salfa dayoksaid. Cikin kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki wannan iska kan rikiɗe ta zama asid, wani kaso a busasshiyar iska, mafi yawa kuma a cikin ɗigon gajimare. Asid ɗin ya haɗu da amoniya daga taki da kashin dabbobi, sai a samu ɓarɓashin salfet mai girman maikuron 0.1 zuwa 1. Kaurin silin gashin mutum kusan maikuron 70 ne. Wannan girma shi ne ya fi dacewa da warwatsa hasken rana, don haka salfet na mayar da wani kaso na hasken sama kafin ya iso ƙasa. Yana kuma canja gajimare, kamar yadda masanin yanayi Sean Twomey ya bayyana a 1974 da 1977: idan ƙwayoyin sun yi yawa, ruwa ɗaya zai rabu zuwa ƙananan ɗigo masu yawa, gajimaren ya ƙara fari, ya ƙara tare rana. Abin lura na ƙarshe shi ne tsawon rai. Ruwan sama na wanke salfet cikin kusan mako guda, alhali kabon dayoksaid, iskar da ke ɗumama duniya, na shafe ɗaruruwan shekaru yana gauraya ko'ina. Ma'ana, ɗumamar kabon ta kowa ce, sanyin salfet kuwa yana tsayawa kusa da inda aka fitar da shi.

Ɓangaren lafiya shi ya fi samun shiga kunnen jama'a. A Disambar 1993 Douglas Dockery da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard suka fitar da sakamakon bin diddigin manya 8,111 a birane shida na Amurka na tsawon shekara 14 zuwa 16. Bayan an cire tasirin shan taba da sauransu, yawan mace-mace a birnin da ya fi ƙazantar iska ya zarce na mafi tsabta da kashi 26 cikin 100, kuma ƙananan ƙwayoyi ne suka fi bayyana bambancin. Daga nan ma'aunin PM2.5 ya samu gindin zama, wato ƙwayoyin da ba su wuce maikuron 2.5 ba, waɗanda ke wuce hanci da maƙogwaro su kai ƙuryar huhu, su haddasa kumburin da ke taɓa zuciya da jijiyoyin jini. Amurka ta sanya masa doka a 1997. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye iyakar maikurogiram 10 (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowace mita kubik ta iska a shekara a 2005, ta rage zuwa 5 a 2021, tana kuma danganta mutuwar kimanin mutum miliyan 6.7 a shekara da gurɓatar iskar waje da ta cikin gida.

Abin da ba a cika kawowa ba shi ne wanda ya faru da bayanin farin Sahel. Daga 1968 zuwa 1973, sannan da ƙarfi a 1983 da 1984, damina ta gaza daga Senegal har Habasha. In aka kwatanta da shekarun 1950 masu albarka, ruwan sama ya ragu da kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na tsawon shekaru kusan ashirin. Tafkin Chadi, wanda ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ƙanƙance zuwa ƙasa da kashi ɗaya bisa goma. Bayanin da ya fara karɓuwa shi ne mutanen yankin ne suka jawo wa kansu. A 1975 masanin yanayi Jule Charney ya kawo hasashe mai ma'ana a kimiyyance: ƙasar da aka kware wa ciyawa ta fi mayar da hasken rana, iskar da ke samanta ta huce ta sauko maimakon ta hau, hadari ya kasa haɗuwa. A shekarar ne kuma wani binciken jirgin sama a arewacin Sudan ya ba da ƙiyasin cewa hamada na matsowa kudu da kilomita 5.5 a shekara. Aka haɗa biyun, aka yi taron kwararowar hamada a Nairobi a 1977, makiyayi da manomi da mai saran itace suka ɗauki jakar tsaba. Hasashe ne aka gabatar don a gwada, amma wajen maimaitawa a rahotanni da littattafan makaranta ya koma kamar hukunci.

Alamar farko ta cewa akwai wata a ƙasa ta fito ne a 1986, lokacin da Chris Folland da Tim Palmer da David Parker suka jera bayanan zafin tekuna na shekaru masu yawa kusa da na ruwan Sahel. Suka ga abu ɗaya na maimaita kansa: duk lokacin da tekunan arewacin duniya suka yi sanyi idan aka kwatanta da na kudu, Sahel na shan fari. A 1991 hotunan tauraron ɗan'adam na 1980 zuwa 1990 suka nuna bakin Sahara na gaba yana baya ne bisa ga ruwan kowace shekara. Ya yi nisa kudu a 1984, ya ja da baya da ruwa ya dawo. Binciken Michael Mortimore a karkarar Kano ya nuna gonakin da suka fi cunkoson jama'a ba su rasa itatuwansu ba, domin manomi na kula da gawo da ɗorawa da kuka a matsayin dukiya.

Yadda teku ke riƙe da akalar damina abu ne mai sauƙin bi. Iska mai danshi daga kudu maso yamma, daga mashigin tekun Gini, tana karo da busasshiyar iskar arewa maso gabas. Layin karon na hawa arewa daga bazara, ya kai wajen digiri 20 a watan Agusta, ruwan kuma na zuba ne 'yan ɗaruruwan kilomitoci kudu da layin. Wannan ɗamarar ruwa kullum tana karkata zuwa rabin duniyar da ya fi ɗumi. In arewa ta yi sanyi, ɗamarar ba ta hawa yadda ta saba. A Fatakwal ko Abijan ba lalle a ji bambancin ba, amma a Damagaram ko Nguru, inda daminar duka wata uku ce ko huɗu, ragin tafiyar kilomita ɗari ko biyu ya isa ya hana gero nuna.

Sauran tambaya ita ce, me ya sanyaya tekunan arewa? A 2002 Leon Rotstayn a Ostareliya da Ulrike Lohmann a Kanada suka saka tasirin salfet a kan gajimare cikin lissafin kwamfuta mai kwaikwayon yanayi. Tunda masana'antun lokacin mafi yawansu a Turai da Arewacin Amurka da Tarayyar Sobiyat suke, kuma salfet ba ya daɗewa balle ya tsallaka kudu, arewa ce kaɗai ta huce, ɗamarar ruwa ta ja kudu, Sahel ya bushe a cikin lissafin kamar yadda ya bushe a zahiri. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka yi gwajin da ya fi yanke magana. Suka ba kwamfuta ainihin zafin tekuna daga 1930 zuwa 2000, ba su taɓa ciyawa ko gona ko kiwo ba, amma raguwar ruwan Sahel ta fito. Yanayin ƙasa yana ƙara wa fari tsanani bayan ya soma, sai dai ba shi ke kunna shi ba. Lokutan ma sun yi daidai: hayaƙin farar wuta na duniya ya haura tan miliyan 100 a shekara a shekarun 1970, na Turai ya fara sauka bayan 1980, damina kuma ta fara farfaɗowa a shekarun 1990.

Ba salfet kaɗai ba ne. Tekun Atlantika na da nasa sauyin na shekaru masu tsawo, ɗumamar tekun Indiya ma ta taka rawa, kuma masana na saɓani kan kason kowanne. Amma rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya faɗa da ƙwarin gwiwa cewa sanyin ɓarɓashin da ɗan'adam ya fitar ya rage ruwan daminar Afirka ta Yamma a ƙarni na 20. Duwatsu masu aman wuta sun ƙara shaida. Pinatubo na Filifin ya watsa tan miliyan 15 zuwa 20 na salfa dayoksaid a 1991, ya bazu arewa da kudu, duniya ta huce da kusan rabin digiri. Katmai na Alaska a 1912 da El Chichón na Meziko a 1982 kuwa sun fi lulluɓe arewa, kuma duka biyun mummunan fari ya biyo bayansu a Sahel. Jim Haywood da abokansa sun nuna a 2013 cewa watsa salfet a arewa kaɗai na busar da Sahel, a kudu kaɗai kuma na ƙara masa ruwa.

A ganinmu, babban giɓin yana wajen wayar da kai. Ilimin ya sauya fiye da shekara ashirin da suka wuce, saƙon da ke isa rediyo da aji bai sauya ba. Dashen itace na da amfaninsa, yana tare iska, yana riƙe ƙasa, yana ba da abincin dabbobi, kuma manoman Maraɗi da Damagaram sun tayar da miliyoyin itatuwa daga kututture. Amma faɗa wa mutum cewa gatarinsa ne ya kori damina ya saɓa wa abin da aka auna.

Ɓarɓashin yankinmu ma na jiran a auna shi yadda ya kamata. Hazon hunturu mafi yawansa daga kwarin Bodele na Chadi yake tasowa, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi busasshen gindin tsohon tafki. Yana haɗuwa da hayaƙin ƙonar daji, na icce da gawayi, na janareta da shara. Kunkunniya, saɓanin salfet, tana zuƙe hasken rana ta ɗumama iska. Akwai tashoshin auna hazo da suka daɗe a Ilori da Banizumbu kusa da Yamai, an kuma yi babban aikin bincike a Yamai a 2006, amma birane da yawa ba su da awon kullum.

Awo na asali na PM2.5 shi ne a zuƙi iska lita 16.7 a minti ta cikin matata na awa 24. Ana auna nauyin matatar kafin a fara, haka kuma bayan an gama. Ƙananan na'urori masu araha da suka yaɗu yanzu ba nauyi suke aunawa ba, hasken leza suke haskawa su ƙiyasta daga yadda ya warwatsu. Shi ya sa suke kuskure ta fuska biyu. Da damina, in danshi ya haura kashi 75 zuwa 80, ƙwayoyin na shan ruwa su kumbura, adadin ya hau fiye da gaskiya. Da hunturu kuma manyan ƙwayoyin ƙura ba sa shiga ƙofar na'urar sosai, sai ta nuna iska da sauƙi alhali ba a hango ƙarshen titi. Ƙura na kuma taruwa a kan fankar da idon na'urar, awon ya riƙa zamewa a hankali. Gyaran shi ne a ajiye ta gefen na'urar asali na 'yan makonni, sau ɗaya da hunturu sau ɗaya da damina, a fitar da lissafin gyara daban na kowane lokaci, a ɗaga ta mita biyu zuwa uku nesa da murhu da bakin janareta, sannan a sake saita ta duk shekara.