Waiwaye: Yadda HDCA ta tattara masu binciken ci gaban ɗan Adam, da inda har yanzu ba ta kai ba

A watan Satumban 2004, a garin Pavia na ƙasar Italiya, aka ƙaddamar da ƙungiyar masana da ake kira Human Development and Capability Association, ko HDCA a taƙaice, wadda ta haɗa masu nazarin ci gaban ɗan Adam daga sassan duniya. Amartya Sen, masanin tattalin arziki ɗan Indiya da ya ci kyautar Nobel a 1998, shi aka ba shugabanci na farko. Sai dai tushen maganar ya girme ƙungiyar da shekaru masu yawa.

Sen yana da shekara 9 lokacin da yunwar Bengal ta 1943 ta hallaka miliyoyin mutane. A littafin da ya fitar a 1981 kan talauci da yunwa, ya nuna cewa sau da yawa jama'a na mutuwa ba don abinci ya ƙare a ƙasa ba, sai don hanyar samunsa ta kuɓuce musu. Cikin misalan da ya bi diddigi har da farin da ya auka wa yankin Sahel a farkon shekarun 1970, inda makiyayi ya wayi gari dabbobinsa sun rame, farashinsu ya faɗi warwas, hatsi kuwa ya yi tashin gwauron zabo. Dattawan Nijar da arewacin Nijeriya da suka ga wannan zamani ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. A kan irin wannan tunani Sen ya gina ra'ayin cewa ci gaba ba yawan kuɗin ƙasa ba ne, abin dubawa shi ne me mutum zai iya yi da me zai iya zama. Yakan ba da misalin mai azumi da wanda yunwa ta kama: dukansu cikinsu babu abinci, amma ɗaya zaɓa ya yi, ɗayan kuwa ba shi da zaɓi.

Abokin Sen, Mahbub ul Haq, masanin tattalin arziki ɗan Pakistan, shi ya kai maganar Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1990 hukumar raya ƙasashe ta Majalisar, wato UNDP, ta fitar da rahotonta na farko kan ci gaban ɗan Adam, tare da ma'aunin da ke haɗa tsawon rai da ilimi da kuɗin shiga. Ul Haq ya rasu a 1998, bai ga kafuwar ƙungiyar ba.

Ra'ayi ya yi suna, amma masu aiki a kansa a warwatse suke. Wannan yana sashen falsafa, wancan yana sashen tattalin arziki, wata tana koyar da ilimin tarbiyya, kowa shi kaɗai a tsangayarsa. Ɗalibin da ke digirin digirgir a kan batun yakan rasa wanda zai karanta masa aiki da idon sani. Wannan ya sa aka fara taro a Cambridge ta Ingila a 2001, aka sake a 2002 inda aka mai da hankali kan aikin Martha Nussbaum, malamar falsafa 'yar Amurka, kafin a koma Pavia a 2003 da 2004.

A ganina, abin da ya raya ƙungiyar bayan nan ba manyan sunaye ba ne kaɗai. Na farko dai, babu wanda ya yi kane-kane a kujera. Shekara biyu shugaba ke yi ya sauka: Nussbaum ta karɓa daga Sen a 2006, sai Frances Stewart, sai Kaushik Basu, sai Tony Atkinson, daga baya irin su Ravi Kanbur da Ingrid Robeyns. Duk wanda ya ga yadda ƙungiyoyin masana ke mutuwa ranar da wanda ya kafa su ya gaji, ya san darajar wannan. Sannan ga mujalla. UNDP ce ta fara ta a 2000, daga baya ta zama mujallar ƙungiyar, aka faɗaɗa sunanta a 2009. Malamin jami'a ba ya samun ƙarin girma sai da wallafa, don haka ƙungiyar da ke da mujallar da ake mutuntawa ta ba matasa dalilin zama.

Wani abin da na fi yabawa shi ne yadda aka riƙe saɓani a cikin gida. Nussbaum ta fitar da jerin abubuwa 10 da ta ce dole kowace gwamnati ta tabbatar wa ɗan ƙasa, ciki har da rai da lafiya da ikon yin tunani da cuɗanya da jama'a. Sen bai yarda a kafa jeri guda ga duniya baki ɗaya ba, ya ce kowace al'umma ta zauna ta yi muhawara ta zaɓa. Saɓani ne na gaske, kuma bai raba ƙungiyar gida biyu ba. Masu falsafa da masu lissafi suka ci gaba da zama a zaure ɗaya, kuma amfanin haka ya fito fili. Sabina Alkire, wadda ke jagorantar cibiyar nazarin talauci ta OPHI da aka kafa a Oxford a 2007, ita da masanin tattalin arziki James Foster suka tsara hanyar auna talauci ta fuskoki da yawa, UNDP ta fara amfani da ita a rahoton 2010. Da wannan hanya Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ta bayyana a 2022 cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari, na cikin talauci, kuma abin ya fi tsanani a Sakkwato. Ba aljihu kaɗai aka duba ba. An tambayi da me ake girki a gidan, ina ake ɗebo ruwa, yara na zuwa makaranta ko ba sa zuwa.

Taron shekara-shekara kuwa ba a ɗaure shi a gari guda ba. An yi a Faris a 2005, New Delhi a 2008, Lima a 2009, Amman a 2010, Jakarta a 2012, Tokyo a 2016. Duk inda aka sauka, malaman wurin da ɗalibansu na samun shiga ba tare da tsadar jirgi ba. To amma sai a 2017 taron ya fara taka ƙasar Afirka, a Cape Town, shekara 13 bayan kafuwa.

Nan ne abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙasashen Sahel irin su Nijar da Chadi sun daɗe a ƙasan jerin ma'aunin UNDP, alƙalumansu ne ke cika takardun da ake gabatarwa, amma masanansu ne suka fi shan wahalar zuwa. Malami a Kano ko Maraɗi ya rubuta takarda, an karɓa, sai ya tarar kuɗin jirgi da masauki sun haɗiye albashin watanni, ga layin neman biza da ba shi da tabbas. Na Nijar ma yana da ƙarin shinge, domin harkokin ƙungiyar galibi da Ingilishi ake yi, shi kuma da Faransanci ya yi karatu. Ƙungiyar ta yi ƙoƙari: tana da rassan yankuna da rukunonin da ke nazarin fannoni kamar ilimi da lafiya da yara, tana kuma tallafa wa wasu su halarci taro. Annobar korona ta sa aka yi taron 2020 ta intanet, wanda ya buɗe ƙofa ga waɗanda biza ke hanawa, ko da yake mai fama da ɗaukewar wuta da tsadar data bai tsira gaba ɗaya ba.

Nauyin bai rataya a wuyan ƙungiyar kaɗai ba. Jami'a ce ke neman karɓar baƙuncin taro, ta nuna tana da zaure da masauki da mutanen da za su yi ɗawainiya. Jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo da Abdou Moumouni ta Yamai duk suna da malaman da ke bincike kan talauci da ilimi da lafiya. Idan suka haɗa kai suka fara da ƙaramin taron yanki, za su sami abin nunawa ranar da za su nemi a kawo babban taron Afirka ta Yamma.