World of Warcraft na zamani ko Classic: wanne ya dace da mai son gasa?

Wanda ya samu kwamfuta mai ɗan ƙarfi, ya ji labarin World of Warcraft, ya sauke manhajar Battle.net da ake shiga gem ɗin ta cikinta, abu na farko da zai ɗaure masa kai shi ne ya tarar gem ɗin ba ɗaya ba ne. Akwai na zamani, wanda 'yan wasa ke kira Retail, akwai kuma Classic, shi ma ya kasu gida-gida. Idan yawon buɗe ido da bin labari ya kawo ka, kowanne ka shiga ba ka yi asara ba. Amma mai son ya gwada ƙwanjinsa da na wasu, a auna shi, a sa sunansa a jeri, dole ya zaɓa da lura, domin watanni zai zuba a ciki. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan.

Wai me ya raba su ne, ba gem ɗaya ba ne?

Tushensu ɗaya. Kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar da World of Warcraft a watan Nuwamba na 2004, kuma tun daga lokacin ake ta yi masa ƙari, ana sauya dokoki, ana kawo sababbin ƙasashe. Wanda ya biyo wannan hanya har yau shi ne na zamani. Classic kuwa komawa baya ce: a watan Agusta na 2019 kamfanin ya dawo da gem ɗin yadda yake a kusan 2006, mataki na ƙarshe 60, nau'in jarumai tara kacal, alhali na zamani yana da goma sha uku.

Daga nan Classic ya rabu. Wani reshe ya tsaya cak a zamanin farko, shi ne Classic Era. Wani ya ci gaba da bin sawun tarihi: Burning Crusade a 2021, Wrath of the Lich King a 2022, Cataclysm a 2024, Mists of Pandaria a 2025. Sannan ga Hardcore, inda mutuwa ɗaya ke raba ka da jaruminka.

Idan aka ce gasa a wannan gem, me ake nufi?

Abu uku ne, kuma ya kamata mutum ya san wanda yake so tun kafin ya biya kuɗi. Na farko faɗa tsakanin 'yan wasa, musamman a Arena, wani ƙaramin fage da ake shiga biyu da biyu ko uku da uku, a ci a ƙara maka maki, a cinye ka a rage. Na biyu shi ne Mythic+, inda mutum biyar ke shiga kogo cike da dodanni, agogo yana tafiya, duk lokacin da suka gama kafin lokaci ya cika sai a ba su mataki mafi tsanani. An kawo shi a 2016. Na uku farmakin taron dangi ne, mutum ashirin a kan manyan dodanni, inda ƙungiyoyi irin su Liquid ta Amurka da Echo ta Turai ke tseren wa zai fara kayar da dodon ƙarshe a duniya. Sukan gwada sau ɗaruruwa a kan dodo ɗaya kafin ya faɗi, dubban mutane na kallo kai tsaye.

To wanne zan zaɓa?

Na zamani. Ba na kwana-kwana a kan wannan. Duk abubuwa ukun nan suna cikinsa da cikakken tsarin maki da kaka-kaka, kuma manyan gasannin da Blizzard ya daɗe yana shiryawa da kansa, wato Arena World Championship da Mythic Dungeon International, a kan na zamani aka gina su.

Babban dalilina kuwa shi ne yadda yake rage tazara tsakanin sabon shiga da tsohon hannu. Kai jarumi matakin ƙarshe aikin 'yan kwanaki ne. Kayan yaƙin faɗa da 'yan wasa ana sayensu da makin da ka tara a faɗan, kuma da zarar ka shiga fage ƙarfinsu yake ƙaruwa, don haka ba sai ka shafe watanni kana bin dodanni kafin ka iya tsayawa gaban mutum ba. Bayan 'yan makonni, abin da ya rage tsakaninka da abokin karawarka shi ne hannu da kai.

Bari in nuna abin da nake nufi da hannu da kai. Ka ɗauka uku da uku ne. Mai warkarwar can ɓangaren yana laɓe bayan ginshiƙi, yana leƙowa ya yi wa mutanensa magani ya koma. Abokinka ya lura cewa ya riga ya yi amfani da layarsa ta kuɓuta daga ɗauri, ba za ta dawo ba sai bayan wani lokaci. Sai ya ce maka a murya, "Zan ɗaure shi, ka shirya, uku, biyu, ɗaya." A cikin daƙiƙa biyar ko shida da mai warkarwar yake daskare, ku biyu kuka zuba duk manyan makamanku a kan mutum ɗaya. Idan ka makara da daƙiƙa biyu, dama ta wuce, ku kuma kun zubar da makamanku a banza, yanzu su ne za su juyo kanku. Gaba ɗaya wasan ƙirga ne na wa ya yi amfani da me, yaushe zai dawo masa. Wannan shi ake aunawa. Muƙamin Gladiator, wanda kowane ɗan Arena ke mafarki, a kakanni da yawa na baya-bayan nan sai wanda ya kai maki 2400 sannan ya ci wasa 50 a wannan matsayi yake samunsa.

Amma ina jin ana cewa Classic ya fi wuya, shi ne na maza.

Akwai gaskiya a ciki, sai dai a bambance irin wuyar. Wuyar Classic ta haƙuri ce. Kafin ka kai mataki na 60, yawancin mutane sai sun zuba awanni sama da ɗari, ana tafiya a ƙasa, ana tara zinariya da ƙyar, dodanni biyu su taru a kanka su gama da kai. Ina girmama wannan, kuma zumuncin da ake ƙullawa a hanyar yana da daɗi ƙwarai. Amma wuyar aiwatarwa a lokacin faɗa ba ta kai ta na zamani ba, ko kusa. Ragnaros, dodon ƙarshe na Molten Core, wani kogon da ake kai wa farmakin taron dangi, sai a watan Afrilu na 2005 aka fara kayar da shi, kimanin wata biyar bayan fitowar gem ɗin. Da Classic ya dawo a 2019, ƙungiyar APES ta kayar da shi cikin ƙasa da mako guda. Mutane sun riga sun haddace komai.

A ɓangaren faɗa da 'yan wasa kuma, Classic Era ba shi da Arena kwata-kwata. Filayen yaƙi ne da shi: Warsong Gulch goma da goma, Arathi Basin sha biyar da sha biyar, Alterac Valley arba'in da arba'in. 'Yan wasa sun kasu ɓangare biyu masu gaba da juna, Alliance da Horde. Akwai muƙamai goma sha huɗu, na ƙololuwa shi ne Grand Marshal a ɓangaren Alliance, High Warlord a ɓangaren Horde. A tsohon tsarin, kowane mako ana gwada makinka da na sauran 'yan ɓangarenka, don haka wanda ya fi daɗewa a zaune shi ke hawa. Mutane sun yi ta shafe yini da rabin dare kusan wata uku a jere don wannan muƙami. A 2023 an sassauta tsarin, amma har yanzu abin da yake aunawa shi ne yawan lokacin da ka bayar. Ɗalibi ko mai zuwa kasuwa da safe ba zai iya wannan tsere ba, kuma ba don hannunsa bai kai ba.

Ga kuma rashin daidaito da aka bari da gangan don kada a taɓa tarihi. A cikin nau'in jarumai, Shaman na Horde ne kaɗai, Paladin na Alliance kaɗai. Wasu jinsuna suna da baiwar da ke ba su fifiko a faɗa tun daga haihuwa, kamar Orc da ke yawan tsallake bugun da ke sumar da mutum. A farmaki kuwa za ka ga Warrior ya cika wuri saboda ya fi kowa duka. Gasa tana nan a Classic, ta gudun gama farmaki da ta yawan duka da ake ɗorawa a shafin Warcraft Logs, kuma masu yinta ƙwararru ne. Sai dai rabin nasarar a shirin da aka yi kafin shiga take.

Rassan Classic masu ci gaba fa? Na ji suna da Arena.

Suna da shi, domin a Burning Crusade na 2007 aka fara kawo Arena, duk reshen da ya kai nan ya gaje shi. Tsofaffin 'yan wasa da yawa suna ganin zamanin Wrath ko Pandaria ne faɗan ya fi daɗi, maɓallai ba su yi yawa ba, ido yana iya bin abin da ke faruwa. Matsalar sabon shiga ita ce zai tarar da mutanen da suka buga wannan zamanin shekara goma sha da suka wuce, wasunsu ba su taɓa dainawa ba, kuma 'yan wasan ba su kai yawan na zamani ba, don haka samun tsaranka a layi ya fi wuya.

Ba ni da abokan wasa. Zan iya gasa ni kaɗai?

Nan ma na zamani ya yi zarra. Tun ƙarshen 2022 akwai Solo Shuffle mai maki: ka shiga layi kai kaɗai, a haɗa ku mutum shida, masu warkarwa biyu, masu duka huɗu, a yi zagaye shida ana sauya muku abokai, duk zagaye yana ƙarewa da mutuwar mutum na farko. A 2024 aka ƙara Battleground Blitz mai maki, takwas da takwas. Abin da za ka sani shi ne masu duka sun fi yawa nesa ba kusa ba, don haka layinsu yana da tsawo, mai warkarwa kuwa kusan nan take yake samun wasa. Wanda lokacinsa a gaban kwamfuta ƙayyadadde ne, ya yi tunani sosai a kan koyon warkarwa.

Hardcore ba shi ne gasar gaske ba, tunda rai ɗaya ne?

Yana da ban sha'awa, kuma na fahimci abin da ke jan mutane. An buɗe shi a hukumance a watan Agusta na 2023. Ba filayen yaƙi a cikinsa, sai dai akwai Mak'gora, fito-na-fito har sai ɗaya ya mutu mutuwar da ba dawowa. Amma ga mai wasa daga Kano ko Zinder ko Tamale, akwai abokin gaba da ba ya cikin gem ɗin. Na taɓa kai wani Hunter mataki na talatin da wani abu, aikin makonni, ina tsakiyar faɗa da dodo ɗaya tak wanda ba zai iya yi mini komai ba, sai wuta ta ɗauke, na'urar intanet ta mutu tare da ita. Kafin in kunna data a waya in haɗa, na dawo na tarar da gawa. Ranar na kasa cin abincin dare. Dokar Hardcore ita ce ba a dawo da wanda ya mutu saboda yankewar sadarwarsa. Iyakar abin da za ka iya shi ne ka mayar da shi saba (wato babbar kwamfutar kamfanin da 'yan wasa ke haɗuwa a kanta) ta Classic Era ta yau da kullum. A Arena kuwa, irin wannan yankewa maki za ta ci maka da ɗan hukuncin jira, gobe ka maido abinka. Wanda ba shi da sola ko batirin da zai riƙe masa kwamfuta da intanet tare, kada ya sa zuciyarsa a Hardcore.

Wane yanki zan yi rajista?

Turai. Gem ɗin ba shi da saba a Afirka, kuma ta Turai ce mafi kusa da mu, ga shi a Arena jinkirin sadarwa ko na ƙiftawar ido ne yana iya hana ka katse tsafin abokin gaba. Lokaci ma ya dace: agogon Najeriya da Nijar daidai yake da na Faransa da Jamus a lokacin sanyinsu, da bazararsu kuma awa ɗaya ce tsakani, don haka lokacin da suka cika layi da dare kai ma ka dawo gida. Akwai sabobin masu Turanci, akwai na masu Faransanci ga 'yan'uwa na Nijar da Kamaru da Chadi. A kula tun farko, domin ba a ɗauke jarumi daga yankin Amurka zuwa na Turai.

Kuɗi da kwamfuta fa?

Kuɗin wata ɗaya ne, kusan dala 15, kuma shi ke buɗe maka na zamani da duk rassan Classic. Bambancin shi ne a na zamani sai ka sayi sabon ƙari daban kafin ka kai matakin da ake gasa, Classic kuwa ba ƙarin saye. Na zamani yana cin wuri sama da gigabait 100 kuma yana son kwamfuta mai ƙarfi, Classic ko tsohuwar laftof tana iya ɗaukarsa. A wannan gaɓar kaɗai nake cewa idan abin hannunka bai kai ba, ka fara da reshen Classic mai Arena, ka koyi laɓewa bayan ginshiƙi da ƙirga makaman abokin gaba a can, domin ilimin yana bin ka duk inda ka koma.

Ta ina zan fara a aikace?

Na zamani yana bari a buga kyauta har mataki na 20. Ka yi amfani da wannan ka gwada jarumai uku ko huɗu, ka duba lambar jinkirin sadarwarka da daddare lokacin da layi ya fi cunkushewa a unguwarku, ba da asuba ba. Idan ka ga hannunka ya zauna da ɗaya, ka biya wata guda, ka kai shi ƙarshe, ka tara kayan farko a filayen yaƙi marasa maki, sannan ka shiga Solo Shuffle da jarumin nan guda ɗaya har kaka ta ƙare.